Dattijo a Kan Sirdi: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Shekarata 71, har yau kuma ina hawa keke kwana biyar a mako. Da kai nake, ɗan'uwana dattijo, kai da ka haura 60 likita ya ce ka motsa jiki, ka tuna da keken da ke jingine a zaure ƙura ta rufe shi. Ka yi tunani mai kyau. Sai dai ka saurare ni kafin ka ɗora ƙafa a kan feda.

Amfanin keke ga tsoho babu tantama a kansa. Sirdi ne ke ɗauke da nauyinka, don haka gwiwa tana aiki ba tare da an danne ta ba, shi ya sa mai sanyin ƙashi da tafiya ke ba shi wahala yakan iya tuƙa keke. Naman cinya da na ƙugu su ne manyan tsokar jiki, idan suna aiki suna zuƙe sukari daga cikin jini. Zuciya tana ƙara ƙarfi, hawan jini yana sassautawa, barci yana zuwa da daddare. A 2017 masu bincike na Jami'ar Glasgow suka fitar da sakamakon bin diddigin mutum fiye da 260,000 a Birtaniya na kimanin shekara biyar. Haɗarin mutuwar masu zuwa aiki a kan keke ya yi ƙasa da na masu shiga mota da kashi 41 cikin ɗari. A 2018 Jami'ar Birmingham da King's College ta Landan suka auna masu keke 125 'yan shekara 55 zuwa 79 waɗanda suka daɗe suna hawa. Naman jikinsu bai zube ba, garkuwar jikinsu kuma tana haifar da sababbin ƙwayoyin yaƙi da cuta kamar ta samari.

Wannan shi ne maganin. Yanzu ga abin da ke faruwa idan aka sha shi da ganganci.

Akwai wani abokina tun muna 'yan firamare. Wata Juma'a ya fito cikin babbar riga, ya hau keke zai tafi masallaci. Gefen rigar ya shiga kaca, taya ta tsaya cak, ya faɗi ta ɓarin dama a bakin kwalta. Babu motar da ta taɓa shi, tafiyar ma ba ta kai gudun yaro ba. Ƙashin ƙugu ya karye. Ya yi wata biyu a hannun mai ɗori kafin a kai shi ɗaukar hoto. Bai ƙara taka ƙasa ba, kafin shekara ta zagayo muka raka shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa. Na san ajali ba ya wuce ranarsa, amma sakaci ma ana tambayar mutum a kansa.

Ƙafarka ba ta manta keke ba, shi ne abin da zai yaudare ka. Ƙashin da ke cikinta, da idon da ke duba hanya, da zuciyar da ke tura jini, duk sun tsufa tare da kai. Ga ƙa'idoji. Ka bi su.

ABIN DA ZA KA YI

1. Je asibiti a auna jininka, da sukarinka, da zuciyarka kafin ka fara. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana yawo da shi shekaru bai sani ba.

2. Kai wa likita dukkan magungunan da kake sha ya gani da idonsa. Wani yana sa yawan fitsari ya busar da jiki, wani yana rage bugun zuciya, wani yana kayar da sukari, kowanne yana sauya yadda za ka hau.

3. A duba maka ido da kunne. Mai yanar ido ba ya ganin rami sai ya faɗa, wanda kunnensa ya yi nauyi ba ya jin babur a bayansa.

4. Fara da minti 10, sau uku a mako, a shimfiɗaɗɗen wuri. Jikin da ya shekara 20 a kan kujera ba ya farfaɗowa a rana ɗaya.

5. Ƙara minti biyar duk mako har ka kai minti 30, kwana biyar. Shi ne minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci ga 'yan shekara 65 zuwa sama.

6. Auna gudunka da bakinka. In za ka iya amsa sallama ka gaisa har ka tambayi iyali haki bai yanke ka ba, kana daidai. In magana ta gagara, ka wuce gona da iri.

7. Sayi keke marar sanda, wanda ake kira keken mata. Ni na jingine baƙin Raleigh ɗina ranar da ƙafata ta ƙi tsallake sanda na kusa kifewa a ƙofar gida, tun daga nan ban ƙara jin kunyar sunan ba.

8. Daidaita sirdi yadda idan feda ta kai ƙasa gwiwarka za ta rage ɗan lanƙwasa kaɗan, kan yatsunka kuma su iya taɓa ƙasa in ka tsaya. Tsayin sirdi shi ke raba tsakanin gwiwar da ta warke da wadda ta lalace.

9. Sa faffaɗan sirdi mai laushi, a ɗaga maka kan keke ka zauna a miƙe. Duƙawa tana cin wuya da baya, tana kuma hana ka hango abin da ke tafe.

10. Matsa birki biyu, ka taɓa iskar taya, ka dubi kaca kullum kafin ka fita. Robar birki kuɗinta kaɗan ne, gadon asibiti kuwa gona ake sayarwa.

11. Kai keken wurin mai gyara duk wata uku ko da ba ka ji komai ba. Tayar da ta daɗe a ajiye tana tsattsagewa, kuma a kan hanya take fashewa.

12. Sa hular kwano ta masu keke, ka ɗaure igiyarta a haɓa. Tana rage mummunan raunin kai da fiye da rabi, hular zanna ba ta tare komai.

13. Sa gajeriyar riga mai haske, ka ɗaure ƙafar wando, ka sa rufaffen takalmi. In masallaci ko ɗaurin aure za ka, ninke babbar rigar ka ɗaure ta a kariya, ka sa in ka isa.

14. Fita bayan gari ya waye sarai zuwa hantsi, ko bayan la'asar kafin rana ta faɗi. A nan ne kake ganin hanya, direba yana ganinka, zafi kuma bai kai ya yi maka illa ba.

15. Sha ruwa kafin ka fita, ka riƙe gora, ka kurɓa duk minti 15 ko ba ka ji ƙishi ba. Ƙishin tsoho yana makara, kafin ya ji shi jiki ya riga ya bushe.

16. In kana da ciwon sukari, ka ci wani abu kafin ka hau, ka sa dabino uku ko ƙwayar sukari a aljihu. Allurar insulin da wasu ƙwayoyi kamar glibenclamide suna iya kayar da sukari ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, kana tsakiyar titi.

17. Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu duk dawowa. Ƙafar da ba ta jin zafi ba ta faɗa maka ta ji ciwo, daga ɗan gurjewa ake kai wa ga yanke ta.

18. Koma filin makaranta ko filin idi ka yi mako guda kana gwada tashi, da tsayawa, da juyawa. Gara ka gano ƙafarka ta yi sanyi a inda babu mota.

19. Riƙe hannun dama, ka bi inda motoci ke bi, ka miƙa hannu tun da nisa kafin ka karya kwana. Direba ba ya karanta zuciyarka.

20. Sa giya mai sauƙi, ƙafa ta yi ta juyawa babu nauyi. In ka zo hawa ka sauka ka tura. Danna feda da ƙarfi kana riƙe numfashi yana cilla jini sama nan take.

21. Yi minti biyar na farko da biyar na ƙarshe a hankali, in ka tsaya ka dafa keken kaɗan kafin ka taka. Tsayawa farat ɗaya tana tara jini a ƙafafu, jiri ya kwashe ka a ƙofar gidanka.

22. Haɗa keke da tafiyar ƙasa, da tashi-zauna daga kujera sau goma, da tsayuwa a ƙafa ɗaya kana dafe da bango, kwana uku a mako. Keke yana gina nama da zuciya, amma ƙashi sai ya ɗauki nauyi yake ƙarfi.

23. Faɗa wa iyali inda za ka da lokacin dawowarka, ka riƙe waya, ka sa takarda a aljihu mai sunanka da ciwonka da lambar ɗanka. Wanda ya suma ba ya yi wa kowa bayani.

24. In kana fama da jiri, ko ka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko idonka ya yi rauni, nemi keken motsa jiki na cikin ɗaki, bayan likita ya amince. Amfaninsa ga zuciya da gwiwa ɗaya ne, babu rami babu mota, kuma Hajiya ma za ta hau a cikin gidanta.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka daina shan maganinka don ka fara jin ƙarfi. Likitan da ya rubuta shi ne zai rage shi, shanyewar jiki ta fi samun wanda ya yanke wa kansa hukunci.

2. Kada ka ƙara ko taku ɗaya in ka ji nauyi a ƙirji, ko ciwo yana sauka hannun hagu ko haɓa, ko gumi mai sanyi, ko duhu a ido. Zauna, kira mutane, a kai ka asibiti a mota. Wannan zuciya ce, ba kasala ba ce.

3. Kada ka hau ranar da jininka ya kai 180 bisa 110. Ranar ta asibiti ce.

4. Kada ka hau da zazzaɓi, ko gudawa, ko washegarin tashinka daga cutar cizon sauro. Zancen a fitar da ciwo da gumi ya kwantar da mutane da yawa.

5. Kada ka kwana shida a zaune sannan ka ce za ka rama a rana ɗaya. Zuciyar da ba ta saba ba, a irin wannan ranar take tsayawa.

6. Kada ka yi tsere da jikanka ko da ɗan acaɓa. Robert Marchand na Faransa ya yi kilomita 22 da rabi cikin awa ɗaya a 2017 yana da shekara 105, amma a rufaffen fili ya yi, bayan dogon horo, inda babu ko akuya.

7. Kada ka hau irin hawan samartaka, ƙafa ɗaya a kan feda kana turawa sannan ka cilla ɗayar ta baya. Tsoho ya fi faɗuwa wajen hawa da sauka, don haka ka tsaya cik, ka matsa birki, sannan ka hau.

8. Kada ka ari keken da ba girmanka ba. Wanda ya yi maka tsawo zai kayar da kai a tsaye, wanda ya yi maka gajarta zai ci maka gwiwa.

9. Kada ka yi shiru in gabanka yana mutuwa a kan sirdi, ko fitsari ya fara yi maka wuya, ko ka ga jini a cikinsa. Sauya sirdi, ka je a duba ka, kunya ba ta warkar da kowa.

10. Kada ka damƙe birkin gaba shi kaɗai kana gudu. Keke zai tsaya, kai ba za ka tsaya ba, da fuska za ka sauka.

11. Kada ka hau keken da ƙafa ce birkinsa. Dabarar yaro ce, yaro kuwa in ya faɗi tashi yake ya kakkaɓe.

12. Kada ka raina buguwar kai ko da babu jini a waje. Jini yana iya tsiyaya a hankali cikin ƙwaƙwalwar tsoho, sai bayan makonni a ga ruɗewa, da yawan barci, da jan ƙafa; mai shan aspirin ko warfarin ya tafi asibiti a ranar.

13. Kada ka hau da babbar riga, ko doguwar jallabiya, ko silifas, ko carbi yana lilo a hannu. Na riga na faɗa maka inda wannan ya kai abokina.

14. Kada ka fita tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe huɗu a bazara. A watan Afrilu zafin Sakkwato, da Maiduguri, da Yamai yana haura 40, jikin tsoho kuma ba ya fitar da gumi kamar da.

15. Kada ka yi doguwar tafiya da azumi a bakinka. In dole ne ka motsa, yi kaɗan dab da shan ruwa a kusa da gida. Mai ciwon sukari ko ƙoda ya tambayi likita tukuna.

16. Kada ka fita ranar da hazon hunturu ya rufe gari, musamman in kana da asma ko tsohon tari. Ƙurar tana shiga huhu ninki-ninki lokacin da kake haki, direba kuma ba ya hango ka.

17. Kada ka hau bayan magariba ko da duhun asuba babu farar fitila a gaba da ja a baya. Dattijo cikin baƙar riga a kan baƙin keke, inuwa ce kawai a idon mai mota.

18. Kada ka ɗaura buhun masara, ko jarkar ruwa, ko ka goya jikoki biyu ka ce motsa jiki kake. Kaya yana karkatar da keke, hannunka kuma ba shi da ƙarfin da zai dawo da shi.

19. Kada ka rataya leda a kan keke. Tana shiga tayar gaba, wanda tayar gaba ta kayar da shi kuwa da kai yake sauka.

20. Kada ka tsaya a gefen tirela ko tifa a mahaɗa, kada ka kutsa tsakanin a-daidaita-sahu biyu. Direban babbar mota ba ya ganin abin da ke jikin tayarsa, in ya karya kwana da kai zai karya.

21. Kada ka bi hannun da ba naka ba don rage hanya. Mai fitowa daga lungu ɗaya ɓangaren yake dubawa, ba zai gan ka ba sai ya ji ƙara.

22. Kada ka amsa waya, kada ka toshe kunne da rediyo, kada ka saki hannu ko ka waiwaya don gaisuwa. In gaisuwar ta zama dole, tsaya ka sauke ƙafa ka yi ta yadda ya kamata.

23. Kada ka shiga yashi, ko tsakuwa, ko ruwan da ya kwanta a titi da damina. Ba ka san ko buɗaɗɗiyar kwata ce a ƙarƙashinsa ba.

24. Kada ka sha maganin kashe zafi don gwiwa ta bar ka ka hau. Ciwon gargaɗi ne, yawan shan diclofenac da ibuprofen kuma yana ƙona ciki, yana lalata ƙoda, yana tayar da jini.

25. Kada ka hau bayan ka sha maganin mura mai sa barci, ko tramadol, ko haɗin ƙarin ƙarfi na 'yan talla. Kafin hannunka ya kai birki abin ya riga ya faru.

26. Kada ka karɓi keken lantarki daga hannun ɗanka ka faɗa titi a ranar. Ya fi nauyi, ya fi gudu. Ko a Holand da aka ware wa keke hanyoyinsa, fiye da rabin masu keken da ke mutuwa a hatsari sun haura shekara 60.

27. Kada ka bari a ɗaga ka a tsayar in ka faɗi ƙugu ya ƙi ɗaukarka, kada kuma a fara da mai ɗori. A ɗauke ka a kwance zuwa inda za a yi hoto, domin cikin tsofaffi biyar da suka karye a ƙugu ana rasa kamar ɗaya kafin shekara, jinkiri kuma yana ƙara yawansu.

28. Kada ka ajiye keke don gudun a ce wane ya talauce. Masu wannan magana ba za su zo su yi jinyarka ba.

Duk wannan gargaɗin ba dalilin komawa kan tabarma ba ne. Zama ma kashewa yake, sai dai shi a hankali yake yi: cinya ta zube, sukari ya hau, wata rana ka nemi tashi daga sujada ka ji sai an kama ka. Na ga waɗannan ma, kuma sun fi waɗanda keke ya kayar yawa nesa ba kusa ba. Ni da nake maka wannan magana, da ƙafata nake zuwa masallaci, da kaina nake zuwa gona, kuma bayan ikon Allah keke ne sanadi.

Gobe da safe ka tafi asibiti a auna ka. Jibi ka fito da keken, ka kakkaɓe shi, ka kai wa mai gyara ya sauya robar birki da taya. Ka sayi hular kwano kafin ka sayi ƙararrawa. Ranar da za ka fara, minti 10 a fili, ka dawo gida.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu gama da ƙafafunmu.